Neman shawara: da me zan rufe rumfar itacena kafin damina ta kankama?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Yelwa a nan Bauchi, ina tuyar masar sayarwa yau shekara 6, kuma tun da gas ya yi tsada na koma itace gaba ɗaya. Bara a watan Agusta ruwa ya jiƙa mini marken da na sayo mota guda, na yi kwana huɗu ina fama da kananzir da mafici, hayaƙi ya kama masar har masu saye suka riƙa ƙorafi. Ƙanen maigidana ya yi alkawarin kafa mini rumfa tun bayan ƙaramar sallah, ya kafa dirkoki huɗu ya wuce Jos, har yau bai waiwayo ba. Saura rufi. Ina da tsohon tamfol, maƙwabciyata kuma ta ce in sa zana. Me kuke gani?

Baban Sadik: Wa alaikumussalam. Hajiya, kafinta ne ni, kuma in ba kwano ba, asarar kuɗi za ki yi. Tamfol yana tara ruwa a tsakiya ya lotsa, rana ta busar da shi ya tsage, idan kuma kika lulluɓe itacen da shi har ƙasa, gumi zai hana shi bushewa. Ki je kasuwar Muda Lawal ki sayi falle uku ko huɗu, ba sai kin sayi bandir ba. A ɗaga gaba ya fi baya tsawo domin ruwa ya gangara, a bar kwanon ya zarce dirkokin da kamar taƙi biyu, a kuma toshe ɓangaren gabas, tunda ta nan hadari ke kaɗo feshi.

Inna Talatu: 'Yata, mu da zana muka taso a Dass, kuma itacen iyayenmu bai taɓa hana su tuwo ba. Zana tana barin iska ta ratsa.

Baban Sadik: Inna, a gafarce ni, amma zana kusa da murhun masa a lokacin hunturu gobara ce ake gayyata, ga kunama da maciji da ke samun maɓoya.

Maman Abba: Ni kwanon ne ya ja mini baƙin ciki. Wani kafinta ya karɓi kuɗin mai kauri ya kawo mini mai laushi kamar takarda, iskar farkon damina ta yaye shi ta jefa gidan maƙwabta, aka kai ni ƙara wurin mai unguwa. Ragowar kuma ɓarayi suka kwance da dare.

Baban Sadik: Wannan laifin ƙusa ne da rashin ɗaure katako da waya a jikin dirka. Maman Ilham, nawa ne faɗin rumfar, kuma dirkokin na ƙarfe ne ko na itace? In na itace ne, a shafa musu baƙin mai saboda gara, a kuma jera bulo a ƙasa kafin a ɗora itacen.

Maman Ilham: Ban auna ba. Amma tamfol ɗina mai kauri ne irin na manyan motoci, ba irin wanda kuke nufi ba. Kuma gidan haya muke, mai gidan ya hana a buga komai a jikin katangarsa, ina tsoron in kashe kuɗin kwano a ce mu tashi.

Baban Sadik: Ai da kin faɗi haka tun farko. Kwano ana cire shi a tafi da shi.

Maman Ilham: Idan aka cire ai ya huhhuje. Zan dai jira ƙanen nasa ya dawo, tunda shi ya san yadda ya kafa dirkokin.

Inna Talatu: Jiya ma an yi yayyafi a wajenmu.