Shawarwarin masu shimfiɗa ƙaramin layin dogo a gida

Abin da masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa na wasa suka fi nanatawa shi ne a auna ɗaki kafin a sayi komai. Mai ƙaramin wuri ya ɗauki ma'aunin N, wato 1:160, inda jirgin gaske ya ninka na wasan sau 160 a tsawo. Ma'aunin HO kuwa, 1:87, ya fi samuwa a kasuwa.

An yi gardama kan falanki mai faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8 da sababbin shiga ke son shimfiɗa layi a kai: yana cin ɗaki, in ya jingina da bango kuma hannu ba ya kaiwa ƙarshensa. Ina tare da masu cewa a bi bango da siririyar kanta.

Hawan tudu kada ya wuce kashi 2 cikin 100, wato tashin santimita 2 a kowace mita ɗaya ta layi, don inji ya iya jan taragu. A gwada layi sosai kafin a kafa duwatsu da gidaje, a kuma riƙa goge shi, domin ƙura tana katse wutar lantarkin da inji ke samu ta layin.