Tarin Baba ya ƙi jin magani, ko tarin fuka ne?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nike nema. Babanmu ne ke ta tari ya fi wata guda, da farko mun ɗauka ƙurar hunturu ce muka sawo mashi maganin tari a kemis, aka jiƙa sassaƙe duk shiru, yanzu ga rama, abinci ba ya ci, da dare zufa sharkaf sai an canza mashi riga, shekaranjiya kuma muka ga jini-jini a kakinshi. Goggonmu ta dage wai sammu ne. Hankalina ya tashi wallahi.

Anti Nas Daura:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ƙanena, duk alamomin da ka lissafa na tarin fuka ne, wato TB, amma ni ba zan yanke ba sai gwaji ya nuna. Ƙa'idar da muke bi, tarin da ya kai sati 2 a kai kaki a auna, ba a jira sai an ga jini. Gobe da safe ka kai shi babban asibitin Katsina ka tambayi sashen DOTS, wato sashen masu tarin TB, za su ba shi ɗan gwangwanin roba ya tofa kaki, kakin ƙirji fa ba miyau ba, su sa a na'urar GeneXpert, ita ke gano ƙwayar cutar har ta nuna ko irin mai bijire wa magani ce, wani lokacin a haɗa da hoton ƙirji. Gwajin kakin da maganin duk kyauta ne. Ƙwayar cuta ce ake shaƙa a iska idan mai ita ya yi tari ko atishawa, ba sammu ba, ka lallaɓa Goggo a hankali. Za kuma su duba mashi suga da HIV, kar ranku ya ɓaci, kowa ake yi wa domin su ke raunana garkuwar jiki.

Ummu Sadik:
Subhanallah Allah ya sauwaƙe. Anti to sai a ware mashi kwano da kofi kenan?

Anti Nas Daura:
A'a 'yar'uwa, ba ta bin kwano ko gaisawa. A buɗe tagogi iska ta riƙa ratsa ɗakin, ya rufe baki in zai yi tari. Waɗanda ke kwana kusa da shi su ma a duba su, musamman yara 'yan ƙasa da shekara 5.

Malam na Sabuwar Unguwa:
Ni na yi shi kuma alhamdulillahi na warke. Abu ɗaya zan roƙe ka ɗana, maganin wata 6 ne, bayan 'yan satuttuka zai ji garau ya ce ya warke, nan ne haɗarin yake, in ya ajiye maganin, ciwon na dawowa ya fi na da taurin kai. Fitsarinshi zai koma ja-ja, aikin maganin ne kar ku tsorata.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. In sha Allahu gobe da sassafe za mu tafi, zan haɗa da ƙanena da ke kwana ɗakinshi.