Gidan abinci kusa da Hubbare: me za a dafa, me za a rubuta a bango?

Ɗan Kanwuri: Assalamu alaikum, manyanmu. Ƙaramin gidan abinci ake son buɗewa kusa da Hubbaren Shehu, mai ɗaukar mutum ashirin a zaune. Wane abinci ne zai sa baƙo ya san Sakkwato ya shigo? Kuma me ya dace a rubuta a bango game da tarihin gari?

Hajiya Mai Tuwo: Wa alaikumus salam, ɗana. Kar ka yawaita tukwane. Tuwon shinkafa da miyar sure, wato yakuwa, masa da safe, hura da nono da rana, sun wadatar. Suren a tafasa shi, a zubar da ruwan farko, sannan ya shiga miya da niƙaƙƙiyar gyaɗa da daddawa. In ba haka ba tsami zai hana baƙo ci. In ka samu mai kawo maka hoce, wainar nan ta dawa, ajiye, dattawa na tambayarsa.

Masa ce ke ba mutane kunya a garin nan. Tiya ɗaya ta shinkafar tuwo a jiƙa awa shida, a dafa kofi biyu daban, a haɗa a niƙa da albasa, a sa yis cokali biyu. Da hunturu ƙullun na iya kwana. Amma a zafin Afrilu awa uku zuwa huɗu ya tashi, ka bar shi ya kwana sai ya yi tsami ya tsinke, masar ta manne a tanda. Ɗan ruwan kanwa na gyara shi, kaɗan, don in ya yi yawa masar ja take yi. Nono kuwa a sayo na yini ɗaya kawai.

Malam na Ƙofar Rini: Batun bango, ƙanena, a kiyaye shekaru, don masu zuwa ziyara da yawansu malamai ne, kuskure ɗaya sai a daina ganin girman gidan. Muhammadu Bello ne ya kafa Sakkwato a 1809, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya dawo cikinta a 1815, ya rasu a 1817. Kabarin Bello yana Wurno, ba Hubbare ba. Nan ake yawan zamewa. Turawa sun ci garin a 1903, bayan gwabzawar Giginya. Kafin ka ba mai fenti, kai rubutun Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a duba. Sa wa tebura sunayen ƙofofi: Marke, Kade, Taramniya, Atiku, Dundaye. Amma kar a buga aya ko sunan Shehu a leda da takardar naɗe masa, kwata za su ƙare.

Inna 'Yar Taru: A ware wa mata wuri da labule da tabarmi, da buta da randa a bakin ƙofa. Ayari-ayari suke zuwa daga ƙauyuka, har daga Nijar, kuma a tire ɗaya suke son ci, don haka a yanka kuɗin tire na mutum biyar. Ranar Juma'a a ninka tuwo, a sauke kafin a tafi masallaci.