Muhawara: Shin Ma'aikaci Zai Iya Koyon Falsafa ta Karatu Daga Nesa?

Baban Amira: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Shekarata 41, ina aiki a sashen kuɗi na wata ma'aikata, kuma iyalina ba za su jure in ajiye aiki in koma aji ba. Tun da muka yi darasin gama-gari na falsafa da manɗiƙi (ilimin gina hujja da tantance ta) a jami'a abin yake raina, yanzu kuma na yi niyyar neman digiri a fannin ta hanyar karatu daga nesa. Jiya na shawarci Malam Bazazzagi, sai ya ce mini falsafa ba ta koyuwa daga nesa, wanda ya bi wannan hanya tarihin falsafa kawai zai kwaso. Na roƙe shi ya maimaita maganar a nan domin kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Malam Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Na faɗa, kuma ina nan a kan bakana. Shekaru da dama na yi ina koyar da wannan darasi kafin in yi ritaya, kuma abin da na gani shi ne ɗalibi ba ya fara tunani sai ranar da ya faɗi magana a gaban mutane, wani ya kama ta ya nuna masa inda ta karye, ya ji kunya, ya koma ya gyara. Suƙraɗ, masanin falsafar nan na tsohuwar Girka, bai bar littafi ko ɗaya ba. A kasuwar Atina yake tare mutane da tambaya. Almajirinsa Aflaɗun ya ruwaito daga gare shi cewa rubutu kamar zane yake: kana ganinsa tamkar mai rai, amma in ka tambaye shi ba zai amsa ba, abu ɗaya zai yi ta maimaita maka. Kai kuwa, ɗana, za ka dawo daga ofis a gajiye, ka buɗe littafin darasi a waya, ka haddace cewa wane ya ce kaza a shekara kaza. Wa zai ce maka ƙarya ne, kawo hujja?

Maman Sadik: Allah ya gafarta Malam, ina neman izinin in saɓa muku. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina shekara ta uku a irin karatun da kuka ce ba ya yiwuwa. Zan fara da amincewa da rabin maganarku, domin kwas ɗin da na fara yi a wata makaranta, wadda ba zan ambaci sunanta ba, bai wuce yadda kuka siffanta ba. Tambayoyin canki-canka ne daga farko har ƙarshe, kwamfuta ce ke ba da maki, kuma na gama zangon da sakamako mai kyau alhali ban taɓa rubuta hujja guda da hannuna ba. Sai dai laifin wannan tsarin ne, ba laifin nisa ba, domin akwai ɗaliban da ke zaune a aji su ɗari biyar a gaban malami ɗaya, kuma su ma babu wanda ya taɓa kama musu magana.

Ga abin da ya faru da ni bayan na sauya wuri. An ba mu jinga a kan ko ya halatta a ɓoye wa majiyyaci gaskiyar ciwonsa, tambayar da nake cin karo da ita a wurin aiki kusan kowane wata, domin 'yan uwa sukan ja ni gefe su ce kada a gaya wa tsoho. Na rubuta amsata wajen ƙarfe uku na dare a teburin ma'aikata, bayan na gama zagayen ba da magani, fitilar waya a hannun hagu saboda an ɗauke wuta. Hujjata ita ce: bai halatta ma'aikacin jinya ya cutar da majiyyaci ba, faɗa masa gaskiya zai cutar da shi, saboda haka bai halatta a faɗa masa ba. Bayan kwana goma takardar ta dawo, malamin ya ja layi a ƙarƙashin kalmar cutarwa a wurare biyu, ya rubuta a gefe cewa a muƙaddima ta farko, wato jimlar farko ta hujjar, ina nufin zalunci, a ta biyu kuwa ina nufin ɓacin rai, kuma allura ma tana ɓata rai amma ba zalunci ba ce. Malam, kunyar da kuke magana a kai na ji ta a ranar, ni kaɗai a ɗaki, kuma ban taɓa ganin fuskar wannan malami ba.

Malam Bazazzagi: 'Yata, kin yi dace da malami mai tsoron Allah. Amma kwana goma fa kika jira kafin amsa ɗaya ta zo. A aji, cikin minti goma za mu yi wannan kai-komo sau biyar.

Abban Hanif: Baba, da girmamawa, tarihin fannin kansa bai goyi bayan cewa saurin amsa shi ne sharaɗi ba. A shekarar 1643 Gimbiya Elizabet ta Bohemiya ta rubuta wa Dekat, masanin falsafa ɗan Faransa, wasiƙa tana tambayarsa yadda rai, wanda ya ce ba jiki ba ne kuma ba ya cin wuri, yake iya motsa jiki. Ya amsa, ba ta gamsu ba, ta sake rubuta masa cewa ya fi mata sauƙi ta yarda rai yana da jiki a kan ta yarda abin da ba shi da jiki yana tura mai jiki. Haka suka yi ta musayar wasiƙu kusan har rasuwarsa a 1650, kuma har yau ana koyar da tambayarta a matsayin mafi ƙarfin suka da aka yi wa ra'ayinsa. Littafinsa na 1641 ma da suka da raddi aka buga shi, waɗanda aka tattaro a rubuce daga malamai daban-daban. Kafin su, Biruni ya aika wa Ibn Sina tambayoyi a rubuce a kan ra'ayoyin Arisɗo, masanin falsafar Girka, aka amsa masa, ya sake mayar da martani.

A nan gida ma, duk wanda ke da naira goma a aljihu ya ciro ta ya dubi hoton da ke jiki. Alvan Ikoku ne, kuma digirinsa na falsafa ne daga Jami'ar Landan, wanda ya samu a ƙarshen shekarun 1920 yana aikin koyarwa a Najeriya, ta tsarin ɗaliban waje da jami'ar ta buɗe tun 1858. Ta wannan tsari ne Obafemi Awolowo ya samu digirinsa na kasuwanci a 1944. Su ta gidan waya suka yi, mu kuwa muna da intanet.

Malam Ɗan Sakkwato: Jama'a, ku ba ni dama in shigo ta ɓangaren zaure, domin wannan gardama ta girme mu duka. Mu an tashe mu a kan cewa ilimi daga bakin malami ake ɗaukarsa, kuma wanda littafi ne malaminsa kuskurensa ya fi daidansa yawa. Manɗiƙi da na karanta, a cikin Sullamu na Ahalari, mai littafin fiƙihun nan da kowane yaro ya sani, baiti-baiti aka biya mini shi, kuma da ni kaɗai na zauna da shi da ban fita babin ƙiyasi ba, wato babin haɗa muƙaddimomi a fitar da sakamako. Ta wannan fuska ina tare da Malam Bazazzagi.

Amma adalci ya sa in kawo abin da ya saɓa mini. Imamu Gazzali ya faɗa da kansa cewa ya karanci littattafan 'yan falsafa ba tare da malami ba, a ɗan lokacin da yake samu bayan aiki, alhali yana karantar da ɗalibai ɗari uku a Bagadaza, kuma cikin ƙasa da shekara biyu ya gane su, sannan ya ƙara kusan shekara guda yana juya abin a ransa kafin ya yi musu raddi. Wannan ai shi ne ma'aikacin da Baban Amira yake son zama. Shehu Magili kuma, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da ya ji Imamu Suyuɗi a Misra yana hana karatun manɗiƙi, ba tafiya ya yi ya same shi ba. Waƙa ya rubuta masa yana kare fannin, shi ma ya mayar masa da waƙa. Ke nan magabatanmu sun yi jayayya a kan ilimin hankali da tawada, tsakaninsu akwai hamada.

Malam Bazazzagi: Madalla da Malam ya kawo Gazzali, domin shi ne hujjata, ba hujjarku ba. Kafin ya buɗe littafin falsafa ko ɗaya, ya yi shekaru a Naisabur a gaban Imamul Haramaini Juwaini yana koyon ilimin kalami da usulu da munazara, wato an riga an horar da shi a kan yadda ake gina hujja da yadda ake rushe ta. Haka Elizabet da Biruni, ba 'yan koyo ba ne sa'ad da suka ɗauki alƙalami. Wasiƙa tana amfanar wanda ya riga ya iya. Ibn Sina kansa, duk da kaifin basirarsa, ya ce ya karanta littafin Arisɗo a kan abin da ke bayan ɗabi'a sau arba'in har ya haddace shi bai gane manufarsa ba, sai da ya sayi ɗan sharhin Farabi a kasuwar masu littattafai kan dirhami uku. In wannan ya sami Ibn Sina, me kuke zato ga mutumin da ya wuni yana haɗa lissafin albashi?

Maman Sadik: Malam, ku lura da abin da ya buɗe wa Ibn Sina ƙofa: rubutun Farabi ne, mutumin da ya rasu tun kafin a haife shi. Ba a aji suka haɗu ba.

Sannan wunin aikin da kuke gani a matsayin naƙasu, ni na same shi jari. Yarinya 'yar shekara 19 tana karanta saɓanin masana falsafa Kant da Mil a kan ƙarya ne domin ta ci jarrabawa, ni kuwa ina karanta shi ne alhali gobe da safe zan tsaya a gaban gado, ɗan majiyyaci yana yi mini ido. Kant ya ce ƙarya ba ta halatta ko da niyyar alheri ce. Masu bin Mil suna auna abin da aiki zai haifar. Ban gama yanke hukunci tsakaninsu ba, amma na san nauyin kowanne a jikina. Mil ɗin kansa shekara 35 ya yi yana aikin ofis a kamfanin Ingila mai mulkin Indiya, daga 1823 zuwa 1858, kuma a cikin waɗannan shekaru ya rubuta babban littafinsa na manɗiƙi.

Inda ba zan yi muku musu ba shi ne manɗiƙin alamomi, wanda ake rubuta hujja da alamomi kamar lissafi. Wannan kam na sha wuya, na faɗi jarrabawarsa sau ɗaya, kuma ban tsallake ba sai da mu huɗu muka riƙa haɗuwa ta kiran bidiyo kowace Lahadi bayan La'asar, kowa yana warware tambaya a takarda yana nuna wa kyamara.

Abban Hanif: Yaya Baban Amira, tunda kai ne mai neman shawara, ga abin da zan ƙara. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, wadda aka kafa a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita zamanin Obasanjo, tana da digirin falsafa da cibiyoyin karatu a jihohi, kuma Jami'ar Landan ta daɗe tana ba da nata daga nesa, sai dai kuɗinta da fam ake biya. Ko wacce ka nufa, kafin ka biya ko sisi ka nemi ɗalibin da ke ciki ka tambaye shi sau nawa ya rubuta maƙala a zangon da ya wuce, kuma wa ya karanta ta ya mayar masa da gyara.

Malam Bazazzagi: Wannan tambaya ta Abban Hanif ita ce daidai, kuma in amsarta ta zama babu, to maganata ta tabbata a kan wannan makaranta. Na janye kalmar ba ya yiwuwa, saboda labarin 'yata Maman Sadik ba abin da zan iya musantawa ba ne. Amma ban janye cewa mai farawa yana buƙatar mai yi masa gyara kusa-kusa ba, kuma ban yarda cewa yawancin masu karatu daga nesa suna samun wannan ba. Ke kanki, 'yata, sai da kuka mai da waya aji kafin kika ci manɗiƙi.

Baban Amira: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Malam, tunda kun ce mai farawa yana buƙatar mai gyara, ni kuma ina Kano kuna Zariya, ko za ku yarda in riƙa turo muku rubutuna?

Malam Bazazzagi: Na yarda, bisa sharaɗi. Kafin ka cike takardar neman shiga ko'ina, rubuto mini shafi biyu a kan wannan: in shugabanka a ofis ya umarce ka ka sa hannu a kan takardar biyan kuɗi da doka ba ta hana ba amma kai ka san aikin ba a yi shi da kyau ba, mene ne ya wajaba a kanka, kuma don me? Kada ka ambaci sunan malamin falsafa ko ɗaya, ka jera muƙaddimominka ɗaya bayan ɗaya yadda zan iya kama kowacce. Ka turo kafin Juma'a, ka kuma tura wa Maman Sadik kwafi, domin ina son in ga ko ni da ita wuri ɗaya za mu ja wa layi.