Ƙwallon pich zai tsiro ya yi 'ya'ya a ƙasa mai zafi?

Mai_Lambu: Salamu alaikum jama'a. Tambayata kan pich ce, ɗan itacen nan mai laushin gashi a fata da Larabawa ke kira khaukh. In an shuka ƙwallon wanda ake sayarwa a manyan kantuna, zai yi 'ya'ya a Kano ko Zariya? Sannan me ke sa wani ya yi kyau a ido amma cikinsa ya zama gari-gari ba ruwa?

Dattijon_Gona: Wa alaikumus salam, Malam. Tsirowa zai iya, 'ya'ya ne da wuya. Asalin itacen daga Sin yake, an tono ƙwallayensa a lardin Zhejiang masu shekara kusan 8,000, ya bi ta Farisa ya shiga Turai, kuma har gobe Sin ce ke noma fiye da rabin na duniya. Galibin inda ya zauna akwai hunturu na gaske. Bishiyar na zubar da ganye ta yi barci, kuma yawancin iri ba sa farkawa sai sun tara awa 600 zuwa 1,000 cikin sanyin da bai wuce digiri 7 ba. Hunturunmu ba ya kai nan. In sanyin bai cika ba, toho ya fito tsilla-tsilla, fure ya kakkaɓe, ka ƙare da bishiyar inuwa kawai.

Akwai iri masu ƙaramar buƙata da Jami'ar Florida ta fitar, irin su Flordaprince da TropicBeauty, awa 150 ta ishe su. Da irinsu ake noma a Masar. Mai son gwadawa ya nufi tudu mai sanyi kamar Jos ko Mambila, kuma ya nemi dashen da aka yi wa aure, don ƙwallo ba ya maimaita uwarsa. In ka nace sai ƙwallon: fasa shi, ciro ɗan cikin, nannaɗe da tsumma mai danshi, sa a firji wata 2 zuwa 3. Kada yara su ci ɗan cikin, yana da guba.

Injiniyar_Noma: Baba ya gama magana kan sanyi, bari in ƙara abin da ke kashe masu farawa. Pich a reshen bara kaɗai yake 'ya'ya, don haka duk shekara sai an yi aski mai yawa, a bar manyan rassa 3 ko 4 a buɗe tsakiya rana ta shiga. Bayan fure da kamar wata guda a rage 'ya'yan, a bar tazarar santimita 15 zuwa 20 tsakaninsu. Mutane na jin tausayin tsinkewa, sai su samu ƙanana marasa zaƙi, reshe kuma ya karye. Saiwarsa ba ta jure ruwa ya kwanta ko na kwana biyu, saboda haka a manta da fadama. In ganye ya murɗe ya yi ja ya kumbura, cutar naman gwari ce, wato fungus, kuma feshi a lokacin aikin banza ne. Maganin jan ƙarfe ake fesawa bayan zubar ganye, kafin toho ya buɗe.

Uwar_Kicin: Malam, gari-garin nan laifin ajiya ne. Pich ɗin da bai nuna ba in ya daɗe a sanyin digiri 2 zuwa 8, wato daidai firjin gida, ruwansa ke ɗaurewa a cikin tsokar. Ka bar shi a ɗaki cikin jakar takarda kwana 2 ko 3, sai ka ji ya ɗan lotsa wajen hancin, wato inda aka tsinke shi daga reshe, kuma yana ƙamshi, sannan ya shiga firji, shi ma kwana kaɗan. Wajen saye kada jan kumatun ya ruɗe ka, duba kewayen hancin: in da kore, an tsinke shi da wuri, zai yi laushi amma zaƙi ba zai ƙaru ba. Na Afirka ta Kudu daga Nuwamba zuwa Fabrairu yake kakarsa, na Sifaniya da Turkiyya kuwa Yuni zuwa Agusta. Duba takardar kwalin ka ga ƙasar da ya fito.