Man giyar Marsandi: a canza ko a bar shi yadda yake?

Mai E320: Assalamu alaikum jama'a, don Allah ina neman shawara. Marsandi ce E320 ƙirar 2004, kwana uku ke nan in na taso daga gida lafiya lau take tafiya, da zarar ta ɗau zafi a gosulon Kurna sai ta buga giya gam ta maƙale a lamba biyu, in taka totur inji na ta kuka amma ba gudu, in na faka na kashe na sake tayarwa sai ta saki. Bakanikena ya ce giyabos ya tafi sai dai a sayo ɗan Baljiyam. Na ce ko a fara canza mai, ya ce kar in kuskura, wai tsohuwar giya sabon mai shi ke ƙarasa ta. Gaskiya ne?

Direban Alhaji: Wallahi gaskiya ya faɗa maka. Da idona na gani, motar maigidana an juye mata mai ranar Asabar, kafin Laraba ko ribas ba ta shiga. Kuma ai su kansu masu ƙera motar sun rufe bututun zuba man giyar, ko sandar awon mai ba su sa ba, ka ga ba su so a taɓa ke nan.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Malam Direba ka yi haƙuri amma ba man ne ya kashe ta ba, dama ta mutu. In faifan kuloci ya cinye, garinsa ne ke yawo cikin tsohon mai ya yi kauri yana ɗan riƙe giyar, ka zubar da shi sai asiri ya tonu. Mutane ba sa tuna man giya sai mota ta fara ciwo, shi ya sa kullum laifin ke komawa kan sabon mai.

Direban Alhaji: To ai maganata ce ka maimaita oga, da an bar ta da tana tafiya.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Tana tafiya zuwa ina? Wata biyu ko uku ta ajiye ku a hanyar Zariya da dare.

Injiniya: Ku dakata mu koma kan motar bawan Allahn nan tukun. Giyar da ke cikinta ita ce 722.6 mai hawa biyar, kuma abin da ya kwatanta ba alamar kuloci ba ne, kuloci in ya cinye sulɓi yake yi, ba ya warkewa don an kashe mota an kunna. Wannan kwamfutar giyar ce ta ga wani abu bai yi mata ba ta kulle a lamba biyu don kar a yi ɓarna. Abu biyu aka fi sanin giyar nan da su. Akwai fulogi mai fil 13 a gefen giyabos, robarsa na saki mai ya riƙa tsiyaya, har ya bi cikin waya ya hau zuwa kwamfutar. Sai kuma farantin lantarki da ke saman balb bodi, wato sashen da ke rarraba mai a cikin giyar, a jikinsa sensocin gudu suke, in ɗaya ya fara ƙarya haka take yi daidai. Kafin a kwance ko noti ɗaya a sa mata na'urar Star, wato kwamfutar binciken Marsandi, a karanta lambar matsalar, ba ƙaramar sikanar nan da ke karanta inji kaɗai ba.

Mai E320: Ikon Allah, ko leƙa ƙasanta bai yi ba fa, daga jin ƙara kawai ya yanke.

Hajiya mai X5: Ni abin da ke ɗaure min kai, BMW ma haka suka ce, wai man na har abada ne. Wa za mu bi in ba wanda ya ƙera motar ba?

Injiniya: Hajiya giyar da ke motarki in mai hawa shida ce ba BMW suka ƙera ta ba, kamfanin ZF ne na Jamus, kuma su ZF ɗin cewa suka yi a canza tsakanin kilomita 80,000 zuwa 120,000 ko shekara 8. Marsandi ma daga baya sun dawo sun ce a canza a kilomita 60,000. Balle mu nan da zafin Afrilu da ƙura da tsayuwa a gosulo, mai ya fi saurin ƙonewa.

Direban Alhaji: Na ji, amma wa zai canza shi daidai? Nan fa gizo ke saƙar. Yaro ne zai ɗauko jan mai na galan wanda ake zuba wa kowace mota ya ɗura da mazurari har sai ya ga ya isa a idonsa.

Ɗan Ƙofar Ruwa: A nan kam ina bayanka ɗari bisa ɗari. Giyar nan ana auna manta ne da sanda ta musamman mota na kunne mai ya kai zafin digiri 80, ya yi yawa ya yi kumfa, ya yi kaɗan ta yi sulɓi. Kuma a duba lamba a jikin galan, 236.14 shi ne jan da ya dace da ita. Akwai shuɗi 236.15 na masu hawa bakwai da suka fito daga 2010, wallahi na ga wanda ya zuba shi a tsohuwa don ya fi tsada yana ganin gata ya yi mata. Ni dai ban yarda da injin nan na wanke giya da ƙarfi a mota mai shekara 20 ba, a sauke farantin ƙasan giyabos da mai ke taruwa a ciki kawai a canza filta da gasket, wajen lita 4 zai fito, sauran na cikin kwanbata, wato abin da ke haɗa inji da giya.

Injiniya: Kuma in an sauke farantin a kalli maganaɗisun da ke ciki. Baƙin gari laushi kamar kwalli ba komai, amma in ka ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli ko mai na warin ƙuna to maganar Direba ta tabbata, canza mai ba zai cece ta ba. In kuma man ya koma kamar an dama da madara, ruwan lagireto ne ya shiga, wasu ƙirar shekarun nan sun yi fama da haka.

Direban Alhaji: Ni dai har yanzu in ta haura kilomita 250,000 ba a taɓa buɗewa ba kuma tana tafiya lafiya, ba zan taɓa ba.

Mai E320: Yanzu na dawo daga gareji, na sa an ɗaga ta an zare fulogin, jage-jage yake da mai har cikin fil ɗin. Gobe da safe mai Star zai zo. In an sauke faranti zan turo hoton maganaɗisun ku gani kafin in yarda a zuba komai.