Abin da aka tattauna kan tafiyar jirgi lokacin annoba

Na tattaro maganganun 'yan'uwa na Damagaram:

1. Kowa ya yarda korona ta durƙusar da tafiya. A Maris 2020 aka rufe filayen jirgin Yamai da Zinder ga jiragen waje, sai 1 ga Agusta aka buɗe. Hajjin 2020 da 2021 mazauna Saudiyya kaɗai suka yi. Maniyyata da dama sun sayar da shanu, suka zauna jira. Wannan ya fi taɓa ni.

2. Shawarar mafi yawa a lokacin: a sayi tikitin da ake iya canja masa rana, katin rigakafi ya zauna cikin fasfo.

3. An rabu kan gwajin korona da ake buƙata a lokacin cikin awa 72 kafin tafiya: wasu sun ce kariya ce, 'yan kasuwa masu zuwa Dubai sun ce tsadarsa da zuwa Yamai sun cinye ribarsu.